Gidan Haya ko Asusun Fansho: Ina Ma'aikacin Balan Zai Ajiye Guminsa?

A ƙasar Gaya, da zarar shekarun aikin mutum sun doshi 35, ko na haihuwa sun doshi 60, sai masu shawara su yi masa caa. Abokan zaman majalisa su ce: Malam, duk abin da ya shigo hannunka binne shi a ƙasa, sayi fuloti ka tayar da ɗakuna ka zuba 'yan haya, ƙasa ba ta ruɓa. 'Ya'yansa da suka yi boko kuma su ce: Baba, bar kuɗinka inda doka ta kare shi, gini zai cinye ka kafin ka ci shi. Malamin firamare a Balan, da ma'aikacin lafiya a Ajingi, da ɗan Kademi da ya yi aikin tarayya a Legas ya dawo gida, duk tambayar da ke gabansu ke nan. Tsohuwar gardama ce, amma sabuwar dokar haraji da ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026 ta taɓa lissafin ɓangarorin biyu, kuma da yawa cikin masu gardamar har yanzu da tsohon lissafi suke yin ta.

Kafin a saurari kowa, sai an raba abu biyu da ake yawan cakuɗawa, domin fanshon da ake magana a kansa ba iri ɗaya ba ne. Ma'aikacin gwamnatin tarayya ko na kamfani yana ƙarƙashin dokar da aka kafa a 2004 aka sake ta a 2014: a cire kashi 8 cikin 100 na albashinsa, mai aikin ya ƙara aƙalla kashi 10, a zuba a asusu mai sunansa wanda wani kamfanin fansho ke juyawa, hukumar PenCom na sa ido. In ya yi ritaya ya karɓi wani kaso a dunƙule, saura a riƙa ba shi wata-wata. Ma'aikacin jihar Kano da na ƙananan hukumominta kuwa tsarinsa dabam. Dokar jiha ta 2006, zamanin Malam Ibrahim Shekarau, ta ce ma'aikaci ya ba da kashi 8, gwamnati ta ba da kashi 17, a tara su wuri guda a hannun Hukumar Amintattun Asusun Fansho, daga nan a biya garatuti da fanshon kowa. Wannan ba shi da asusu mai sunansa da zai duba a waya. Abin da yake riƙe da shi alkawari ne. Mafi yawan ma'aikatan Balan a rukuni na biyu suke, kuma wannan kaɗai ya isa ya bayyana dalilin da ya sa muryar masu gini ta fi ƙarfi a can.

Hujjarsu ta farko ba daga littafi suka ɗauko ta ba. Gwamnatin da ta hau mulkin Kano a 2023 da bakinta ta ce ta tarar da bashin garatuti da haƙƙin mamata na kusan naira biliyan 48, ta kuma fara biya kashi-kashi, na farko biliyan 6 a Disambar shekarar. A yaba wa wanda ya biya, amma a tuna cewa a cikin bashin nan akwai mutanen da suka shekara da shekaru suna jira, akwai kuma waɗanda magadansu ne suka karɓa. Wanda ya ga dattijon unguwarsu yana hawa mota da asuba zuwa Kano don tantancewa, ya dawo da yamma hannu rabbana, da wuya ka shawo kansa cewa takarda ta fi bulo. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni, in ji su. Gida naka ne, kana ganinsa, kana taɓa shi, ba sai wani ya sa hannu a fayil ba kafin ka ci moriyarsa.

Hujja ta biyu ta fi ta farko nauyi, domin ta shafi har mai asusun kansa wanda ba a taɓa jinkirta masa ko kwana ɗaya ba. Ita ce faɗuwar darajar naira. A watan Mayun 2023 dala a farashin hukuma tana wajen naira 460. A cikin 2024 ta haura 1,500. Hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disambar 2024 bisa ƙididdigar hukumar ƙididdiga ta ƙasa. A wannan tsakanin kamfanonin fansho sun ci gaba da nuna wa masu asusu riba a takarda, kuma ba ƙarya suka yi ba: lambar ta ƙaru. Sai dai kwanon gero da lambar ke saya ya ragu. Mafi yawan kuɗin fansho, wanda ya haura naira tiriliyan 20 a 2024, bashi ake bai wa gwamnatin tarayya da shi, bashi kuwa da naira ake biyansa komai lalacewarta. Wanda ya sayi fuloti a Mariri ko a bakin titin Wudil shekara goma da suka wuce bai sha wannan dukan ba, saboda farashin fili yana bin farashin komai a baya, kuɗin haya ma yana bi, ko da a hankali. Fanshon wata kuwa sai gwamnati ta ga dama take waiwayarsa. An daɗe a Kano mafi ƙanƙantar fansho yana naira 5,000 kafin a ɗaga shi zuwa 20,000. A ganina duk wanda ya raina wannan hujjar bai yi wa masu gini adalci ba.

Suna kuma da ta uku, ta addini da zuri'a. Mutum yana son abin da zai ci a tsufansa ya zama tsarkakakke, alhali ya ji an ce kuɗin fansho da ruwa ake juya shi. Haya kuwa halas ce babu jayayya. Sannan gida yana zama bayan mai shi: matarsa ta samu inda za ta fake, marayu su samu abin makaranta.

To, masu ajiya ba su musanta ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Tambaya ɗaya suke yi, kuma ita ce ke tsayar da majalisa: wa zai kama hayar? A Balan kusan kowa a gidan gado yake, wanda ya yi aure a yanka masa wuri a cikin gida ko a gefen gona. Baƙon da ake samu bai wuce malamin da aka turo ko ma'aikacin asibiti ba, shi ma sau da yawa daga cikin Gaya yake zuwa a babur ya koma, ko mai unguwa ya nemar masa ɗaki kyauta don mutunci. Gida mai kyau a ƙauye daraja ce da inuwa, amma ba ya haihuwar kuɗi. Haya tana inda baƙi suke: Wudil, mai jami'ar kimiyya da fasaha da aka buɗe a 2001 wadda yanzu ke ɗauke da sunan Aliko Dangote, da makarantar horar da manyan jami'an 'yan sanda, da kasuwar shanu ta ranar Juma'a, sai Dutse, wadda ta zama babban birnin Jigawa a 1991 ta kuma samu jami'ar tarayya a 2011, cikin garin Gaya kansa, sai unguwannin gabashin birnin Kano. A waɗannan wuraren kuwa fuloti ba a farashin ƙauye yake ba, kuma mai gidan da ke zaune a Balan sai ya damƙa amanar karɓar haya ga dillali ko ɗan'uwa.

Daga nan sai su ɗauko alƙalami. A ƙaddara, don misali kawai, mutum ya kashe naira miliyan 15 tsakanin fili da gini, ya samu ɗakuna 4 masu banɗaki a ciki, kowanne ana kama shi 250,000 a shekara. Miliyan 1 ke nan, ƙasa da kashi 7 cikin 100 na abin da ya zuba. A cire la'adar dillali, da gyaran kwano bayan iskar farkon damina, da kwashe masai, da fenti duk lokacin da ɗan haya ya tashi, da watannin da ɗaki zai zauna a kulle. In kuwa ɗalibai ne 'yan hayar, kowa ya tuna yajin aikin malaman jami'a na 2022 da ya ɗauki wata 8. Abin da zai rage bai kai yadda ake kururutawa ba. A gefe guda, takardar sukuk da gwamnatin tarayya ta sayar a watan Mayun 2025 tana biyan kashi 19.75 a shekara, kuma ko mai naira 10,000 ya samu damar shiga. Sukuk ɗin nan ita kanta haya ce: masu saye su mallaki wani kaso na titi, gwamnati ta riƙa biyansu kuɗin amfani da shi. An fara sayar da irinta a 2017, kuma titin Kano zuwa Maiduguri da mutanen Gaya ke bi kullum yana cikin waɗanda aka yi wa aiki da kuɗinta. Ta wannan hanyar ce masu ajiya ke amsa maganar ruwa. Suna ƙarawa da cewa tun 2021 PenCom ta buɗe Asusu na Shida, wanda ba a juya kuɗinsa sai ta hanyoyin da ba ruwa, kuma duk mai asusun fansho yana da ikon ya ce a mayar da shi can. Mutane da yawa ba su sani ba, kamfanonin kuma ba su cika wahalar da kansu wajen sanarwa da Hausa ba, wannan kuwa gazawa ce babba.

Masu gini za su ce ai kashi 19 a shekarar da farashi ya tashi da kashi 30 asara ce, gidan kuwa bayan hayar darajarsa tana hawa. Gaskiya ne. Sai dai darajar da ke hawa ba a cefane da ita sai an sayar, kuma ba a sayar da gida a ranar da ake so. Dattijon da ciwon suga ko hawan jini ya kwantar yana buƙatar kuɗi a makon nan, dillalai kuwa suna gane mai sayarwa cikin matsi tun daga sallamarsa. Ba a ɓantaro ɗaki ɗaya a kai asibiti.

Akwai kuma abin da ya fi ba ni tausayi a duk lamarin, wato kango. Buhun siminti da ake saye ƙasa da naira 3,000 a 2019 ya kai 10,000 a 2024, rodi da kwano da katako duk suka bi shi. Ma'aikacin da ya yi lissafin gininsa ranar da ya ajiye aiki, garatutinsa bai fito ba sai bayan shekara 4 ko 5, ya tarar kuɗin da zai gama gida a da yanzu iyakarsa linta. Sai ya fara duk da haka, da fatan Allah zai kawo sauran. Kuɗi ya ƙare, albashi babu, gini ya tsaya ba rufi, damina ta yi ta dukansa. Wannan mutumin ya rasa duka biyu: ba kuɗi a hannu, ba haya. Duk wanda ke bin hanyar Wudil zuwa Kano ya san irin waɗannan gine-ginen.

Sannan ƙasar da ake cewa ba ta ruɓa ba ta mutum ba ce ɗungurungum a idon doka. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna, abin da mutum ke da shi izinin zama ne, na birni daga gwamna, na karkara daga ƙaramar hukuma. Takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa da dagaci da shaidu tana da amfani, amma ba ita ce takardar mallaka ba, kuma ranar da titi ko layin dogo ya biyo ta wurin ake gane bambancin. Reshen jirgin ƙasa da aka tsara daga Kano zuwa Dutse, cikin aikin Kano zuwa Maradi da aka ƙaddamar a 2021, ya sa wasu suna hangen filayen yankin nan za su yi tsada. Mai yiwuwa ne. Amma rusau ɗin watan Yunin 2023 a birnin Kano, a filin Idi da tsohon otal ɗin Daula, ya nuna cewa gwamnati ɗaya tana iya bayarwa wata ta zo ta ce ba bisa ƙa'ida aka bayar ba.

Wani labari guda kowane ɓangare ke ja zuwa gefensa. Tsakanin 2011 da 2015 an zuba sama da naira biliyan 4 na asusun fanshon Kano a ginin rukunin gidajen Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo. Abin ya zama rigima ta shekaru, har sai a watan Maris na 2024 hukumar EFCC ta miƙa wa amintattun asusun gidaje 324 bayan umarnin kotu. Masu gini suna cewa: kun gani, ko masu riƙe da kuɗin fanshon da kansu gida suka gudu gare shi, kuma gidajen sun fi kuɗin da aka zuba daraja a yau. Masu ajiya su ce: kun gani, kuɗin ya maƙale a bulo shekara da shekaru alhali tsofaffi na jiran haƙƙinsu. Ni dai abin da na ɗauka shi ne darasin masu ajiya ya fi kusa da rayuwar tsoho, saboda asusun jiha yana iya jiran shekara goma, mai shekara 65 kuwa ba shi da wannan tabbacin.

Yanzu ga haraji, inda na fi so a tsaya. Tun da marigayi Muhammadu Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a 1979, mutanen karkarar Kano suka ɗauka haraji ya zama na mai albashi da mai shago. Kuɗin haya kuwa tun a tsohuwar doka abin biya wa haraji ne, sai dai ba a cika bibiya ba. Dokar da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu ranar 26 ga Yunin 2025 ta tsara matakai kamar haka: naira 800,000 na farko da mutum ya samu a shekara ba haraji, miliyan 2.2 da ke biye kashi 15. Miliyan 9 na gaba kashi 18. A haka yake hawa har kashi 25 ga abin da ya haura miliyan 50. Abin da aka cire don fansho ba a lissafa shi cikin abin da za a yi wa haraji. Fansho da garatutin da aka biya mai ritaya bisa doka su ma an yafe su. Kuɗin haya kuwa ba a yafe ba.

Da jin haka sai masu ajiya su ce magana ta ƙare: fansho ba haraji a shigarsa, ba haraji a fitarsa, gida kuwa da kuɗin da aka riga aka yanka ake gina shi, hayarsa kuma a sake yanka. A ƙa'ida haka ne. Amma a duba wa rangwamen ke amfana. Mai mafi ƙanƙantar albashin Kano, naira 71,000 a wata, yana samun 852,000 a shekara. A cire kashi 8 na fansho ya faɗo ƙasa da 800,000. Ba harajin da yake biya, don haka ba abin da za a yafe masa ko da ya ƙara ajiya. Wanda samunsa ya shiga matakin kashi 18 kuwa, in yana da asusun kansa ya ƙara naira 100,000 ta ganin dama daga albashi, ya tsirar da 18,000 da a da za ta tafi, muddin bai yi gaggawar cirewa ba, domin dokar fansho ta sa haraji a kan ribar irin wannan ajiya in an ɗebe ta kafin shekara 5. Ashe dabarar ta darakta ce da malamin jami'a da ma'aikacin banki. Ga malamin firamaren Balan, wanda ba shi ma da asusun da zai ƙara wa, wannan hujjar ba ta da nauyin da ake ba ta.

Ga kuma wani abu da masu gini ya kamata su sani, domin a gefensu yake. Haya ɗaya ce, amma harajinta ya danganta da lokacin da aka karɓe ta. A ce ma'aikaci yana bakin aiki, albashinsa bayan cire-cire ya kai miliyan 3 a shekara, ga kuma haya ta miliyan 1.2 bayan an fitar da kuɗin gyara. Hayar nan za ta hau kan albashin ta faɗa matakin kashi 18, harajinta 216,000. Ranar da ya yi ritaya, fanshonsa ba ya cikin lissafi, hayar ce ta zama samunsa na farko: 800,000 ta wuce kyauta, sauran 400,000 a cire kashi 15, wato 60,000 kacal. In hayar ba ta haura 800,000 ba kuma ba shi da wani samu, ko kobo ba a binsa. Mafi yawan masu ɗaki uku ko huɗu a Gaya da Wudil a nan suke. Saboda haka tsoron haraji ba dalilin fasa gini ba ne ga ƙaramin mai gida. Abin da ake buƙata gare shi ya ajiye rasidin duk gyaran da ya yi, ya kuma bayyana samunsa ga hukumar tattara haraji ta jiha kafin ƙarshen watan Maris na kowace shekara.

Kada kuma ya ce wa zai sani. Sabuwar dokar ta ba ɗan haya damar a rage masa kashi 20 cikin 100 na hayar da ya biya daga abin da za a yi wa haraji, iyaka naira 500,000, da sharaɗin ya bayyana ainihin abin da ya biya. Ma'aikacin da ke biyan 300,000 a shekara za a rage masa 60,000, in yana matakin kashi 15 ya tsira da 9,000. Kuɗin ba yawa, amma ya isa ya sa shi neman rasidi, rasidin kuma ɗauke yake da sunan mai gida. In kuwa kamfani ko ma'aikatar gwamnati ce ta kama wurin, dama tun tuni kashi 10 take cirewa daga tushe ta aika wa hukuma, sai mai gida ya nemi shaidar cirewar don a lissafa masa. Zamanin karɓar haya a aljihu ba rubutu yana ƙarewa a hankali, gara mutum ya shirya da kansa.

Inda dokar ta fi cizon masu gini shi ne ranar sayarwa. A da ribar sayar da kadara kashi 10 ake cirewa, kowa da kowa. Yanzu ana haɗa ta da sauran samun mutum a bi matakan nan. Wanda ya sayi fili miliyan 2 ya sayar miliyan 10, ribarsa a takarda miliyan 8 ce: a tsohon tsari 800,000, a sabo miliyan 1.23 ko da ba shi da wani samu a shekarar. Alhali babban kason miliyan 8 ɗin nan ba riba ba ce, faɗuwar naira ce kawai. Gidan da mutum ke zaune a ciki an keɓe shi bisa wasu sharuɗɗa, gidan haya kuwa ba a keɓe ba. Wannan ya rage wa hujjar "darajarsa tana hawa" wani abu, ya kuma sa ajiye takardar asalin ciniki da ta kuɗin gini ya zama dole, saboda da su za a auna ribar.

Wasu sun ji cewa tun 2022 ana iya cirar kashi 25 na asusun fansho don gida, sai suka ɗauka an haɗa musu hanya biyu. Damar ta gidan zama ce, ta kafin alƙalamin rancen banki, ga wanda ya yi aƙalla wata 60 yana zubi a asusun kansa. Ba ta gidan haya ba ce, ba ta kuma shafi ma'aikacin jihar Kano ba.

Zakka da gado su ma suna da bakin magana. A mazhabar Malikiyya da muke bi, gidan da aka ajiye don haya ba a fitar wa gininsa zakka, sai kuɗin hayar in ya taru ya kai nisabi ya shekara. Tsabar kuɗi a ajiye kuwa kashi 2.5 ne duk shekara in ta kai nisabi. Mutum ya tambayi malaminsa dalla-dalla, amma kada a mayar da wannan dabarar gudun haƙƙin Allah. A gado kuma kowane ɓangare yana da rauninsa. Ragowar asusun mai karɓar fansho wata-wata daga kamfaninsa na magada ne, sai dai sai sun kawo takardar kotu. Gida kuwa, in mamaci ya bar mata 2 da 'ya'ya 15, da wuya ya tsaya. Ƙimanta shi ake yi a sayar, wani lokaci bayan zumunci ya riga ya ɓaci.

Da aka auna duka, hukuncina ba ya wajen mai cewa a binne komai a ƙasa, ba ya kuma wajen mai cewa a rungume takarda a jira. Masu gini sun fi gaskiya a kan naira da alkawarin gwamnati. Masu ajiya sun fi gaskiya a kan lokaci da wuri. Kuskuren da ya fi halaka mutane shi ne fara gini da garatuti. Gidan haya aikin mai shekara 40 ne, wanda albashi ke shigo masa, ya sayi fili ta adashi ko ƙungiyar ma'aikata, ya tayar da ɗaki ɗaya ya rufe shi ya sa mutum kafin ya fara na biyu, a garin da baƙi suke, da takarda cikakkiya. In ya yi ritaya ya tarar da haya tana shigowa a lokacin da harajinta ya fi sauƙi. Wanda kuwa ritaya ta riske shi bai fara ba, ya haƙura da gidan haya. Ya gyara inda yake zaune, ya riƙe gonarsa da 'yan dabbobinsa, domin a Balan su ne kadarar da ya fi sani kuma yake iya gani da idonsa, ya sa wani kaso a sukuk ko makamancinta inda zai iya cirowa ranar rashin lafiya. Mai asusun kansa kuma da ke matakin kashi 18 ko sama, ya yi amfani da rangwamen da doka ta ba shi, ya koma Asusu na Shida in ruwa ne damuwarsa.

Saura kira ga masu iko. Muddin garatuti yana shekaru kafin ya fito, ba wanda zai iya hana ma'aikacin Gaya da Ajingi zuba kuɗinsa a bulo, ko da lissafi ya nuna masa asara. Gwamnatin jiha ta kammala biyan bashin, ta kuma riƙa zuba kashi 17 ɗinta a kan lokaci. Hukumar haraji ta jiha da ƙungiyar malamai da ta ma'aikatan ƙananan hukumomi su fassara matakan sabuwar dokar da Hausa, su kai su sakatariyar Gaya da ta Ajingi, su zauna da duk wanda ya rage masa shekara 10 ya bar aiki, tun yana da albashin da zai gyara shirinsa da shi.